Daga Kyoto Zuwa Falgore: Za a Iya Noma Ƙwayoyin Tsayar da Jini?

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a Tudun Wada ko Doguwa ya san maganar nan ta ma'aikatan asibiti: "A nemo jini leda biyu." Sai a bazama neman mai bayarwa cikin dangi. Amma jini ba abu guda ba ne. Akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska sassan jiki, da farare masu yaƙi da cuta, da ruwan da suke yawo a ciki, sannan wasu 'yan mitsi-mitsi da likitoci ke kira filatilet. Su ne ke rugawa su toshe rauni idan mutum ya yanke. A ɓargo ake yin su, kimanin biliyan 100 kullum a jikin baligi, kuma ba sa wuce kwana 8 zuwa 10 a raye.

Idan suka yi ƙaranci, sai haɓo, da jinin dasashi, wani lokaci har zubar jini a ƙwaƙwalwa. Masu sankarar jini na shiga wannan hali, haka wanda ɓargonsa ya daina aiki, da wasu masu juna biyu da jijjiga ta yi wa tsanani, da wanda ya zubar da jini mai yawa a hatsarin mota irin wanda ake yi a hanyar Kano zuwa Jos. Saran kububuwa ma yana sa zubar jini, amma shi maganinsa allurar kashe dafi ce, kada a haɗa su.

Wahalar tana wajen ajiya. Jajayen ƙwayoyi suna iya yin sati biyar zuwa shida a firij. Filatilet kuwa ba a sa su a firij. Ana ajiye su a ɗumin digiri 20 zuwa 24, a kan na'urar da ke girgiza su dare da rana, kuma bayan kwana biyar yawanci sai a zubar, saboda ƙwayoyin cuta na saurin hayayyafa a wannan ɗumin. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma sai an ga dama, wannan aiki sai manyan asibitocin birni irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga dajin Falgore zuwa can kusan kilomita 150 ne. Shi ya sa a karkara ake dogara da jinin da aka ɗiba nan take a ƙara wa majinyaci.

Mutanen Japan ma suna da tasu damuwar: tsofaffi na ƙaruwa, matasa masu ba da jini na raguwa. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar tushe, wadda za ta iya rikiɗa ta zama kowace irin ƙwayar jiki. A 2007 ya yi haka da ta ɗan Adam, aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Koji Eto, shi ma a Kyoto, ya ɗora a kai. A 2014 shi da abokan aikinsa suka yi amfani da ƙwayoyin tushe suka samar da manyan ƙwayoyi irin na ɓargo masu haifar da filatilet, ta yadda za a iya daskarar da su a ajiye, a farfaɗo da su idan buƙata ta taso.

Sai dai ƙwayoyin suka yi rowa. Wadda a cikin jiki ke fitar da dubbai, a ɗakin bincike 'yan ƙalilan take bayarwa. Da aka duba ɓargon ɓera mai rai, sai aka ga a inda jini ke hargitsewa yana juyi ne ƙwayoyin ke ɓarkewa da haihuwa. Sai suka ƙera tukunya mai cin lita 8 wadda ke kaɗa ruwan kamar yadda maburgi ke burga miya. A 2018 suka sanar da samun filatilet biliyan 100 daga cikinta. Akwai wani sauƙi kuma: filatilet ba sa hayayyafa, don haka ana iya haska ledar da hasken da ke kashe duk wata ƙwayar da ka iya zama sankara kafin a ƙara wa mutum.

An gwada a 2019 zuwa 2020 a kan wata mata da ɓargonta ya gaza, wadda jikinta ke ƙin filatilet ɗin kowa. Daga ƙwayoyin jikinta aka noma nata, aka ƙara mata sau uku: biliyan 10, sai 30, sai 100. An bi ta shekara guda ba a ga wata babbar illa ba. Amma ba a ga adadin da ke jininta ya ɗaga a fili ba. Ke nan an nuna ba ya cutarwa a jikin mutum ɗaya, maganar warkarwa kuwa da saura, ga tsada.

Saboda haka duk wanda ya zo kasuwar Kiru ko Bebeji da garin magani a ƙunshi yana cewa na ƙwayoyin tushe ne, yana ƙara jini, a riƙe kuɗi. Ƙwaya mai rai ba ta zama a ƙunshin da ya sha rana.

Mu ba tsufa ne matsalarmu ba, matasa gare mu jingim. An kafa Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa da doka a 2021, amma har yanzu dangi da masu sayarwa ne ke cika mafi yawan ledojin. Mai shekara 18 zuwa 65, mai lafiya da nauyin kilo 50, zai iya bayarwa, namiji duk wata uku, mace duk wata huɗu. Ƙungiyoyin matasa da limaman Juma'a na yankin Falgore, a taimaka a sa mutane su san rukunin jininsu, a rubuta sunayen masu niyya a kai asibiti mafi kusa.