Yadda A Ke Koya Wa Ɗan Kwikwiyo Cin Abinci A Kaskonsa

In ka bi ƙauyukan ƙasar Zuru, daga Dabai zuwa Rikoto, ko ka nufi wajen Riba da Wasagu, da wuya ka yi sallama a gidan manomi kare bai riga maigida amsa maka ba. Dakarkari, waɗanda su ke kiran kansu Lelna, da maƙwabtansu Dukkawa da Fakkawa da Kambari, mutanen noma ne da farauta tun kaka da kakanni. Kare shi ne mai gadin gida da dare, shi ke korar birai daga gonar dawa a gindin dutse, in rani ya yi kuma shi ke tā da zomo a daji. Amma ba kowane kare ke yin wannan aiki ba. Akwai wanda ba ya da sana'a sai yawon juji, da satar ƙwai, da sa baki cikin tukunyar mata. Sau da yawa uwarsu ɗaya da karen kirki. Abin da ya raba su tun suna ƙanana ya faro, wajen cin abinci.

To, ya kai mai karatu, kada ka ce wannan ƙaramar magana ce. Karen da ya san kaskonsa ba ya lasar akushinka, ba ya shan ruwan randa. Musulmi sun sani, in kare ya sha ruwa a cikin mazubi sai an wanke mazubin sau 7, likitoci kuwa sun ce kare ya kan ɗauko ƙwan tsutsar ciki a bakinsa da gashinsa, yaro ya haɗiye bai sani ba. Har wa yau, karen da ya ke ƙoshi a gida ba ya nisa da gida. Wanda ba ya nisa kuwa ba safai ya ke gamuwa da mahaukacin kare ba, ba safai kuma ya ke tsintar naman da ɓarawo ya jefa da guba a ciki ba.

Da fari ka dubi kwanakinsa. Karya ta kan yi wajen kwana 63 da ciki. 'Ya'yan su kan zo idonsu rufe, ba su buɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14. Haƙoransu na fari, guda 28, su kan soma tsirowa a mako na 3. Daga nan ne za su iya lasar abu mai ruwa-ruwa, amma ba su isa yaye ba sai sun yi mako 7 ko 8. Mutane da yawa su kan yi gaggawa su ɗauko kwikwiyo yana da mako 3 ko 4, don kada wani ya riga su zaɓen mai ƙarfi. Sa'an nan su ajiye masa guntun tuwon jiya, su yi mamaki don ya ƙi ci yana ta kuka. Ina zai ci? Bai san kome ba sai nonon uwa. In kana son wani daga cikinsu, ka nuna wa mai karyar shi, ka ɗaura masa zare a wuya, ka bar shi wurin uwarsa har mako 8 su cika.

Sai maganar kasko. Ka nemi mai faɗi, mara zurfi, wanda bakinsa bai wuce ƙirjin kwikwiyon ba. Ƙaramin kaskon yumɓu ya fi, gama yana da nauyi, ba ya gudu in an tura shi da hanci. Sakaina ba ta zama wuri ɗaya, in ya taka gefenta sai ta kife masa a fuska. Kwanon ƙarfe mara nauyi kuwa ya kan yi ƙara bisa dutse ko siminti, wani kwikwiyon ma in ya hangi inuwarsa a gindin kwano mai ƙyalli sai ya ja da baya yana gurnani. Tsoro ɗaya irin wannan ya isa ya sa shi ƙin kwanon har mako guda. In kwanon ƙarfe ka ke da shi, ka tona ɗan rami ka dasa gindinsa a ƙasa. Kada ka yi amfani da gwangwanin da aka zuba kananzir ko maganin feshi a ciki, ko an wanke shi sau nawa. Hancin kare yana jin abin da naka ba ya ji, ragowar maganin kuwa tana kisa. Ka ajiye kasko na biyu na ruwa a gefe, kada ya bushe dare da rana.

Ka zaɓi wuri ɗaya, a inuwa, nesa da murhu da turmi da hanyar da yara su ke guje-guje. Gindin rumbu ya yi, in dai za ka tsaya ka kori kaji, gama kaza mai 'ya'ya ba ta jin kunyar saran kwikwiyo a hanci. Ka kuma zaɓi lokaci. Cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar abincin yini a zama ɗaya. Daga yaye zuwa wata 3 ka ba shi sau 4 a yini, daga nan zuwa wata 6 sau 3, bayan wannan sau 2 ya isa. Ba sai kana da agogo ba. Ka ce da sassafe kafin ka tafi gona, da hantsi, da azahar, da kuma kafin faɗuwar rana. Wanda ya ke gida shi zai ba shi na tsakiya.

Ga dalilin da ya sa muka nace a kan wuri ɗaya da lokaci ɗaya. An yi wani likita a ƙasar Rasha, ana ce da shi Iban Fablof, wanda ya yi shekaru yana binciken yadda abinci ke narkewa a cikin karnuka, har aka ba shi lambar girma ta Nobel a 1904 saboda wannan aiki. Cikin bincikensa ya lura da wani abu. Karnukansa su kan soma dalalar da miyau tun ba su ga abinci ba, da sun ji takun mutumin da ya saba kawo musu. Watau jikin kare da kansa ya kan koyi alamar abinci, ya shirya tun kafin a ajiye. Kai ma ka sani, in ka ji ƙamshin daddawa daga ɗakin girki da magariba, miyanka ya kan tsinke. Saboda haka in kullum ka ɗauki kasko, ka ƙwanƙwasa shi sau biyu, ka kira sunansa, ka ajiye a gindin rumbun nan, ba za a yi kwanaki da yawa ba sai ka ga da jin ƙwanƙwasar ya sheƙo da gudu, yunwarsa ta riga ta tashi.

Ran fari ga yadda za ka yi. Ka dama kunun dawa ko na gero mai kauri kaɗan, ka zuba masa romon nama ko na kifi wanda ba a sa wa yaji da albasa ba. Ka bar shi ya huce har ya zama da ɗumi kamar nonon da aka tatso yanzu, gama ɗumi ke tā da ƙamshi, kare kuwa da hanci ya ke fara ci. Ka tsuguna kusa da shi. Ka tsoma yatsa a kunun ka kai bakinsa. In ya lasa, ka sake, amma wannan karon ka ja yatsan ƙasa kaɗan. Haka za ka yi ta saukar da hannunka har yatsan ya kwanta cikin kaskon, yana lasar yatsa yana lasar kunu. Sa'an nan ka zare hannu sannu a hankali. Zai taka ciki, zai ɓata fuska da kunne, ka ƙyale shi. Abin da ba a yi shi ne kama ƙeyarsa a dulmuya bakinsa ciki. Kunu ya kan shiga hanci ya sarƙe shi, daga nan kuma ya ɗauki kaskon abokin gaba.

In ya ci, ka yaba masa da murya mai taushi. In bai ci ba, ka ba shi kamar minti 15, ka ɗauke kaskon ba tare da tsawa ko duka ba, sai lokaci na gaba ya zo. Tsakanin nan ruwa kaɗai. Barin abinci a ƙasa yini guda ba alheri ba ne, ƙudaje da tururuwa za su rufe shi, zafi ya sa shi tsami, kwikwiyon kuma ya koyi cewa abinci ba ya gudu, ba abin da zai sa shi hanzari.

Yanzu ga inda yawancin mutane su ke rushe aikinsu da hannunsu. Maigida ya zauna bisa tabarma yana cin tuwo, kwikwiyo ya zo ya zauna yana kallonsa yana kaɗa wutsiya, sai ya gutsuri loma ya shafo miya ya jefa masa. Yara sun gani, su ma su yi. Uwargida ta kankare ƙanzo ta watsa masa a ƙofar ɗakin girki. To, wane kare ne zai koma ga kunu a kasko alhali ya gane mai daɗin daga hannu ya ke fitowa? Shi ba wawa ba ne. Tilas ka tara mutanen gidanka duka ka faɗa musu, duk wanda ya ke da abin ba shi, ya kai kaskonsa ya zuba, a lokacin cinsa. In kuwa ya riga ya saba da hannu, gyaran ya kan ɗauki kwanaki. Ka riƙe lomar a tafin hannunka bisa kaskon ya ci, gobe ka kwantar da hannun a ciki, jibi ka saki lomar ka tsaya kusa, gata ka ja da baya taku ɗaya. Mutanen da samarinsu su kan yi golmo, su yi wa suruki noma har shekara 7 kafin a ba su mata, ba su ne za a koya wa haƙurin mako guda ba.

In kwiyakwiyai biyu ko uku gare ka, kowane da kaskonsa, ka raba su da ɗan tazara. In ka haɗa su, mai ƙarfi zai cinye, ƙaramin ya rame, ya kuma koyi faɗa a kan abinci. Ka hana yara taɓa shi yana ci. Amma kai, jifa-jifa, ka zo wucewa ka sa masa 'yar tsokar nama a kaskon ka wuce. Da haka zai gane hannun da ya nufo kaskonsa ƙari ya kawo, ba zai tashi da halin gurnani da cizo ba.

Game da abin da za ka zuba, tuwo da kunu ba laifi. A 2013 waɗansu masana a Ufsala, cikin ƙasar Suwidin, suka nuna cewa cikin kare ya fi na kakansa kyarkeci iya narkar da abincin hatsi, saboda daɗewar zamansa da manoma. Amma tuwo kaɗai ba ya gina ƙashi da tsoka. Kwikwiyon da aka reno da dusa da ƙanzo tsura ya kan tashi da ƙafafu a karkace. Ka riƙa haɗa masa da dafaffen ƙwai, ko dakakken busasshen kifi irin wanda a ke kawowa daga Yawuri, ko dafaffen wake da aka murje, ko guntattakin nama daga wurin mahauta. Kayan ciki, musamman huhu da hanta, sai an dafa su sun nuna. A cikinsu a kan sami waɗansu ƙululai masu ruwa, in kare ya ci su ɗanye sai tsila ta kama shi, ƙwanta ya fita cikin kashinsa ya koma ga tumaki da mutane. Madarar shanu ɗanya ta kan sa wa kwiyakwiyai da yawa zawo, kindirmo kaɗan ya fi ta sauƙi. Albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare, goro guba ne gare shi, ƙashin kaza da aka dafa kuwa ya kan tsage ya soke hanji. Ka wanke kaskon kullum da sabulu ko toka, da soso nasa dabam. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Wani lokaci ba hali ba ne ke hana shi ci, ciwo ne, sai ka iya rarrabewa. Wanda ya ƙi kasko amma yana wasa, yana karɓa daga hannu, wannan shagwaɓa ce. Wajen wata 4 zuwa 6 kuma, sa'ad da haƙoran fari su ke zuba manya 42 suna fitowa, dasashinsa ya kan yi ciwo, sai ka jiƙa masa abincin ya yi laushi. Amma in ka ga cikinsa ya yi tulu, haƙarƙari a waje, gashi ya yamutse, tsutsar ciki ce. Yawancinsu da ita a ke haifarsu, daga uwa su ke samu. Ana ba su magani tun suna mako 2, a sake kowane mako 2 har a yaye su, sa'an nan wata-wata har wata 6. In kuwa ya kwanta lakwas, yana amai, yana zawo da jini mai wari, kada ka jira gobe. Akwai wata cuta da ta ɓulla cikin karnukan duniya a 1978, tana kashe kwikwiyo cikin kwana 2 ko 3, ana kuwa yin allurar tsare ta tun yana mako 6 zuwa 8. Ɗan kwikwiyo ba ya jure yunwa kamar babban kare. In ya yini bai sa kome a bakinsa ba, ka ɗauke shi sai wurin malamin dabbobi.

Ran da ya cika wata 3 ka koma da shi a yi masa allurar haukan kare. Wani Bafaranshe, Luwi Fastur, shi ya fara ceton mutum daga wannan cuta da allura a 1885. A ƙasarmu kuma ana yin allurar karnuka a Vom, kusa da Jos, inda ma'aikatar likitocin dabbobi ta koma daga Zariya a 1924. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu ta cizon kare, da yawansu yara. Nan ma kasko yana da amfani, gama mai ciyar da karensa da kansa shi ke fara ganin ranar da halinsa ya sāke. In karen da ya saba sheƙowa da jin ƙwanƙwasa ya ƙi zuwa, ya ɓuya a lungu, ko ya zo ya kasa haɗiya, miyau na zuba, haɓa a sake, kada ka sa hannu a bakinsa kana neman ƙashin da ya maƙale. Ka rufe shi a inda ba zai fita ba, ka kawar da yara, ka aika a kira malamin dabbobi. In ya riga ya ciji wani ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai mutumin asibiti ran nan, kada a jira a ga abin da karen zai zama.