Bashin Haya: Wa Zai Biya Kuɗin Kotu?

A kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Gaya har Kuseri ta Kamaru, rigimar haya ba baƙuwa ba ce. Yawancinmu ko dai muna da shagon da muka ba da haya, ko muna zaune a na wani. Ciniki ya tsaya, watanni su taru, mai shago ya kai ƙara, daga nan sai sabuwar gardama ta taso: kuɗin da aka kashe wajen shari'a, wa zai ɗauka?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa duk abin da mai shago ya kashe, ɗan haya ne zai mayar. Doka ba haka ta ce ba. A Nijar da Kamaru da Chadi da Binin, hayar shagon kasuwanci tana ƙarƙashin dokokin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da aka kafa a 1993. Nijeriya da Gana ba sa ciki, don haka hukuncin Illela ko Jibiya daban yake da na wannan ɓangare.

Matakin farko shi ne takardar gargaɗi. Sashe na 133 na dokar kasuwanci da aka sabunta a 2010 ya wajabta wa mai shago ya aika wa ɗan haya gargaɗi, ya ambaci sharaɗin da aka karya, ya kuma ba shi wata ɗaya ya gyara. Ana isar da shi ta hannun ma'aikacin shari'a da ake kira huissier, ko ta wata hanyar da za ta tabbatar ya shiga hannu. Wanda ya tsallake wannan mataki ya ruga kotu neman korar ɗan haya, ana iya watsar da ƙararsa, kuɗin da ya kashe ya bi ruwa.

Sai batun kuɗin kansa. Dokar karɓar bashi ta 1998, wadda aka sabunta a 2023, ta raba shi gida biyu a sashe na 47. Kuɗin zartar da hukunci, kamar kama kaya bayan kotu ta yanke, yana kan wanda ake bi bashi, sai fa in ya bayyana ba a bukaci kashe shi ba. Amma abin da mai shago ya kashe yana bin bashinsa kafin ya samu hukunci, irin su kuɗin mota da ladan ɗan aike, nasa ne, sai dai takardun da doka ta wajabta. Ko da yake in alƙali ya gamsu ɗan haya yana da hali taurin bashi ne kawai, yana iya ɗora masa wani kaso ko duka, idan an roƙa.

Ladan lauya ma ba ya bin kuɗin kotu kai tsaye. Sai an nema a cikin ƙara, kuma alƙali ne ke da ta cewa.

Rubutacciyar yarjejeniya tana da babban amfani a nan. Mai riƙe da ita, bayan huissier ya kai umarnin biya ba a biya ba, yana iya sa a tsare kayan ɗan haya ba tare da jiran izinin alƙali ba. Wanda ya ba da shago da fatar baki kawai ba shi da wannan dama. Shi ma ɗan haya doka ba ta yar da shi ba: kotu na iya ba shi jinkirin da bai wuce shekara ɗaya ba, bayan ta duba halinsa da bukatar mai shago.

Shawararmu ga masu shaguna, a rubuta haya, a adana rasiɗin kowane sisi da aka biya huissier ko akawun kotu, kuma kada a sa wa shagon mutum kwaɗo da hannu, domin mai ƙara na iya komawa wanda ake ƙara. Ga 'yan haya kuwa, watan nan guda na gargaɗi shi ne lokacin da bashi ya fi araha. A nemi sarkin kasuwa ko dattawan layi a zauna, a rubuta yadda za a biya kaɗan-kaɗan, kowa ya sa hannu gaban shaidu tun takarda ba ta kai teburin alƙali ba.