Manhaja Ma Tana Buƙatar Sarkin Ƙofa

Ranar da wata makaranta mai zaman kanta a nan Sakkwato za ta saki sakamakon jarrabawa ta intanet, da ƙarfe tara na safe shugabar makarantar ta kira ni. "Malam, iyaye sun cika mini ofis, wai shafin ya ƙi buɗewa." Ni na rubuta manhajar. Ina zaune a ɗakina a Mabera, an ɗauke wuta, zufa na karyo mini, na duba allon kwamfuta na ga komai lafiya lau. Manhajar tana aiki, sai dai ban buɗe wa na waje hanyar isa gare ta ba.

A yau masu rubuta manhaja kan ɗura ta, da duk kayan da take buƙata, cikin abin da suke kira kwantena, dabarar da Docker ya yaɗa tun 2013. In kwantenoni suka yi yawa a kan gungun kwamfutoci, sai a ba su makiyayi. Wanda ya fi shahara shi ne Kubernetes, da Google ya fitar a 2014. Kwantena na mutuwa, nan take zai tada wata. To amma sabuwar da sabon adireshi take zuwa, shi ya sa ake kafa adireshi guda wanda ba ya canzawa, duk saƙon da ya zo a miƙa wa wadda ke raye.

Nan na yi tuntuɓe. In ba ka faɗa wa Kubernetes komai ba, wannan adireshin na 'yan gida ne kawai.

Basakkwace ba zai sha wuyar gane wannan ba. Birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ganuwa aka kewaye shi da ita, kuma a da baƙo sai ta Ƙofar Rini, ko Ƙofar Kware, ko Ƙofar Atiku da 'yan'uwansu yake shiga. Gungun kwamfutoci ma haka yake. Ana iya huda kafa a jikin kowace kwamfuta, mai lamba tsakanin 30000 da 32767, amma wa zai ce wa mahaifin ɗalibi ya haddace irin wannan lamba? Ana iya hayar mai raba cunkoso daga kamfanin da ke ba da hayar kwamfutocin, sai dai galibi da dala ake biya, kuma in kowace manhaja ta samu nata, ƙaramar makaranta ba za ta iya ba.

Ni na fi son ƙofa ɗaya mai tsaro, ta lamba 443, wadda a wasu manhajojin buɗe shafi ke sa ka ga ɗan kwaɗon nan a saman shafi, da sarkin ƙofa a bakinta. Yana duba sunan da baƙo ya nema: mai neman sakamako ya bi nan, mai biyan kuɗin makaranta ya bi can. Rumbun da ke ɗauke da sunayen yara da makinsu kuwa ba na buɗe masa ko taga, domin dare da rana akwai na'urorin ɓarayi da ke zagaya intanet suna laluben inda aka bari a buɗe. Amanar iyaye ce.

Ran nan layi goma sha wani abu na rubuta, na tura. Kafin ƙarfe goma shugabar ta sake kira, ina jin hayaniyar iyaye a bayanta, wata uwa na karanta makin lissafin ɗiyarta da ƙarfi.