Gwanda ce ko zurma? Duba tsiron da ya fito a gidanki

Uwargida, damina ta sauka a Dogarawa, ga wani tsiro ya fito a bakin rariya, ganyensa kamar tafin hannu. Kada ki yi saurin murnar samun gwanda, zurma ma haka take tasowa.

Ki tsinki ganye ɗaya. Gwanda tana fitar da farin ruwa kamar nono, zurma ba ta yi. Gefen ganyen zurma kamar haƙoran zarto yake, karanta sau da yawa ja-ja. In ta girma, 'ya'yanta masu ƙaya ne, ƙwayar ciki mai zane-zane. Yara kan tauna ta kamar gyaɗa, alhali guba ce.

In kin kasa rabewa, ki kai ganyen sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Kafin nan, ki killace wurin.