Taurarin da ba su kama wuta ba: abin da sauyin haskensu ke bayyanawa

Tsakanin tauraro da duniya akwai wata halitta da masana sararin samaniya ke kira wada mai ruwan ƙasa. Nauyinta yana tsakanin ninki 13 zuwa kusan 80 na duniyar Mushtari. Wannan nauyi bai kai ya kunna wutar iskar haidurojin irin wadda ke ci a cikin rana ba, shi ya sa haskenta ke dushewa sannu a hankali. A shekarar 1995 aka tabbatar da samuwarta, lokacin da masanan tsibirin Tenerif na ƙasar Ispaniya suka gano Teide 1 cikin taurarin Kaza da ƴaƴanta.

Samun irinsu ya fi sauƙi a wuraren da ake haihuwar taurari, kamar gajimaren Oriyon, domin suna da sauran zafin ƙuruciya. A can an lura haskensu yana hawa yana sauka. Dalilan sun kasu uku. Na farko, tabo masu duhu da ƙarfin maganaɗisu ke haifarwa a jikinsu: in tabon ya fuskanci duniyarmu haske ya ragu, in ya juya baya ya dawo. Da haka ake sanin tsawon juyawarsu, daga ƴan awoyi zuwa ƴan kwanaki. Na biyu, iskar da ke zubo musu daga faifan da ke kewaye da su tana ƙara haske ba tsari. Na uku, ƙurar faifan takan gitta ta rufe su.

Amfanin wannan awo ya fito fili a 2006, sa'ad da Keivan Stassun da abokan aikinsa suka ba da labarin wasu biyu a Oriyon, masu kewaya juna cikin kwana 9,8, kowace tana yi wa ɗaya husufi. Husufin ya ba da damar auna su: ɗaya ta kai wajen ninki 55 na Mushtari, ɗaya wajen 35. Abin mamaki, mai nauyin ce ta fi sanyi, saɓanin abin da lissafi ya nuna, kuma masana da dama sun ɗora alhakin haka a kan maganaɗisu da tabo.

Maganar ba ƙarama ba ce. Galibi daga haske da zafi ake ƙiyasta nauyi da shekarun waɗannan halittu. In tabo na iya ɓoye zafin gaskiya, to ma'aunin kansa yana bukatar gyara kafin a amince da abin da aka auna da shi.