Little Buddha da zancen ɗan wabi

A shagunan teloli na Briqueterie, nan Yawunde, fim ɗin Indiya ba baƙo ba ne. Duk wanda ya kalli Karan Arjun na 1995 ya san labarin wanda ya mutu ya dawo a wani jiki. Amma Little Buddha, na Bernardo Bertolucci ɗan Italiya, 1993, babu rawa babu waƙa, aƙida ce zalla. Lama Norbu, malamin addinin Buddha, ya taso daga Butan har Seattle ta Amurka, wai malaminsa marigayi ya dawo a jikin wani yaro Bature. Ka ji fa! Ƙarshe yara uku aka samu, aka ce duk shi ne.

Kafin mu yi dariya, mu tuna ɗan wabi. A da, in mace tana haihuwa suna mutuwa, sai a ce ɗa ɗaya ne ke zuwa yana komawa, a raɗa masa Ajuji ko Ayashe ko ya zauna. Musulunci bai san wannan ba: mutuwa, kabari, sai tashin ƙiyama.

Yaranmu kuwa a waya suke kallon irinsa, da Faransanci, mu muna kasuwar Mokolo. Ni dai gara uba ya zauna a kalla tare, don tambayar da daddare take zuwa, malamin islamiyya ya tafi gida.