Masu Kai Zakka Cikin Gida: Su Wane Ne, Kuma da Me Suke Rayuwa?



A kowace shekara wannan rahoto yakan bayyana abin da aka tara da abin da aka raba. Sai dai akwai layi ɗaya a cikin lissafinmu da ya fi kowane jawo tambaya daga masu bayarwa da kwamitocin masallatai, wato layin albashi da alawus na ma'aikata. Sau da yawa akan ce mana: mun ba da dukiyarmu ne domin matalauta, me ya kawo albashi a ciki? Tambaya ce ta gaskiya, kuma mai ita ya cancanci cikakkiyar amsa. Don haka muka ware waɗannan shafuka domin bayani a kan ma'aikatan tallafa wa iyali, su wane ne, yadda ake ɗaukarsu, yadda ake biyansu, da kuma matsayin shari'a game da hakkinsu.

Aikin da suke yi

Zakka ba ta isa hannun mai ita da kanta. Kafin buhun hatsi ko kuɗin jari ya shiga gidan marayu, sai wani ya taka ya je, ya yi sallama, ya zauna, ya saurara, ya tabbatar da cewa buƙatar gaskiya ce. Shi ne zai rubuta yawan yara da shekarunsu, ya gano wanda ya bar makaranta da wanda ke kwance ba magani. Bayan an raba kuma, shi ne zai koma ya ga ko keken ɗinkin da aka bayar yana aiki ko an sayar da shi an biya kuɗin haya. A tsakanin wannan da wancan, yakan raka mara lafiya asibiti, ya nema wa yaro gurbi a makaranta, ya kai maganar rikicin gado ko na ciyarwa gaban liman ko mai unguwa. Wannan shi muke kira aikin tallafa wa iyali. A ma'aikatun gwamnati ana kiran masu yin irinsa jami'an walwalar jama'a.

Su wane ne?

Abu na farko da mai lura zai gani shi ne mafi yawansu mata ne. Wannan ba a kanmu ya fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani rahoto da ta fitar a 2019, ta nuna cewa mata su ne kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da walwalar jama'a a duniya, amma kusan kashi 25 cikin 100 kacal na manyan muƙaman wannan fanni ke hannunsu. A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Matar da ke takaba, da bazawarar da ke riƙon yara ita kaɗai, da tsohuwar da ba ta iya fita, mace 'yar'uwarsu ce kaɗai za ta shiga har ɗaki ta ga tukunya ta ga shimfiɗa. Aikin rigakafin shan inna ya tabbatar da haka, domin dubban mata masu bin gida-gida na daga cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa har aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agusta 2020.

Idan aka dubi shekaru da ilimi, za a iya kasa su gida uku. Akwai dattawan mata, malaman Islamiyya da ungozomomi da waɗanda suka goge a ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985. Jarinsu shi ne mutunci da sanin unguwa, kuma da yawansu su ma zawarawa ne masu riƙon marayu. Akwai matasa maza da mata masu shaidar NCE ko difloma ko digiri, waɗanda suka iya rubutu da lissafi da aiki da waya, amma galibi suna jiran wani aikin ne. Sai kuma kaso mafi ƙaranci, wato waɗanda suka karanci aikin walwalar jama'a a matsayin sana'a, a wurare irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Waɗannan su ne suka fi wuyar riƙewa, domin manyan ƙungiyoyin agaji na biyan abin da gidauniyar unguwa ba za ta iya ba.

Maza kuwa sun fi yawa a ɓangaren karɓa, da ajiya, da rubutun ofis, da kwamitoci. Ke nan masu yanke shawara a kan alawus galibi ba su ne ke shiga rana suna bin lungu ba. Wannan gyara ne da ya fara daga kanmu.

Yadda ake ɗaukarsu da yadda ake biyansu

A cibiyoyin zakka da wakafi na arewacin Nijeriya ana samun tsari huɗu. Na farko, ma'aikatan gwamnati, kamar waɗanda ke ƙarƙashin hukumomin jihohi irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da aka kafa a 2003. Su suna da albashi na wata-wata da fansho. Na biyu, ma'aikatan dindindin na gidauniyoyi masu zaman kansu, waɗanda ba su da yawa. Na uku, masu kwantiragin ɗan lokaci, da akan ɗauka gabanin azumi, ko lokacin kaka, ko idan wani tallafi ya shigo, a kuma sallame su da zarar ya ƙare. Na huɗu, kuma mafi yawa, 'yan sa-kai, waɗanda abin da suke samu bai wuce kuɗin mota ba, wani lokaci ma babu.

Domin a auna wannan, yana da kyau a tuna ma'aunin da ƙasa ta ajiye. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya kasance naira 18,000 daga 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yuli 2024. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi masu aikin wucin-gadi na 'yan sa'o'i ba. Mafi yawan kwamitocin masallatai da ƙananan gidauniyoyi suna cikin waɗanda aka keɓe, saboda haka babu abin da ke tilasta musu sai tsoron Allah.

A ɗaya gefen kuma tsadar rayuwa ba ta keɓe kowa ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na wannan shekarar. Ma'aikaciyar da aikinta duka tafiya ce ta fi kowa jin wannan a jikinta. Alawus ɗin da a da yake isar ta ta zagaya unguwa uku, yanzu a kan hanya yake ƙarewa, sai ta cika daga aljihunta ko ta rage ziyara.

Ga kuma abin da ba a gani a takardar albashi. Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, ta kuma ba mai haihuwa hutun mako 12. Dokar Fansho ta 2014 ta tanadi mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ɗan sa-kai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan ya faɗi da babur a kan hanyar kai kayan marayu, jinyarsa tana kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2018 kan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, ta ba da shawarar a biya su gwargwadon nauyin aikinsu, a kuma rubuta yarjejeniya da su. Aikinsu da na ma'aikatanmu kuwa ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Matsayin shari'a

Tun kafin waɗannan dokoki, Musulunci ya yi magana. A cikin sinfi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, ma'aikatan zakka su ne na uku, bayan faƙirai da miskinai. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa ana ba ma'aikaci rabonsa ko da mawadaci ne, domin ladan aikinsa ne, ba taimakon talauci ba, kuma ana auna shi da abin da ake biyan mai irin aikin. An ruwaito daga Imam Shafi'i cewa abin da ake ba su daga zakka kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas. A cikin ingantaccen hadisi, Sayyidina Umar ya sa Abdullahi ɗan Sa'adi aikin sadaka, da ya ƙi karɓar lada yana cewa don Allah ya yi, Umar ya umarce shi da ya karɓa, ya kuma shaida masa cewa shi ma Manzon Allah (SAW) ya taɓa ba shi a kan aiki. Ashe karɓar albashi ba ya rushe ikhlasi.

Amma akwai iyaka, kuma muna kiyaye ta. Rabon ma'aikata ya shafi wanda ke karɓar zakka, da mai rubuta ta, da mai tantance masu cin ta, da mai raba ta. Sulhunta ma'aurata, da raka mara lafiya asibiti, da bibiyar karatun maraya ayyukan alheri ne masu girma, sai dai ba mu ɗora nauyinsu a kan zakka ba. Muhallinsu shi ne sadaka da wakafi. A nan ma muna da abin koyi: lokacin da Sayyidina Umar ya yi wakafi da gonarsa ta Khaibara, ya sharɗanta cewa babu laifi mai kula da ita ya ci daga amfaninta gwargwadon abin da aka saba. Ke nan tun wakafin farko-farko an yi tanadi domin mai hidima.

Abin da ake asara idan ba a biya ba

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aikaciyar da ba ta bar wa 'ya'yanta abin karyawa ba, da wuya ta zauna awa guda tana sauraron damuwar wata. Daga ƙarshe takan bar aikin, kuma tafiyarta ba ƙaramar asara ba ce. Kafin uwar marayu ta saki jiki ta faɗi cewa bashi ne ya hana ta barci, ko cewa dangin miji sun riƙe gonar yara, sai an yi watanni ana gaisawa. Idan fuska ta sauya, sai a koma farko. Sabuwar da ta zo ba ta san gidan da kunya ta hana su roƙo ba, sai ta rubuta sunayen masu iya zuwa ofis da masu baki. Ta haka zakka kan tsallake wanda ya fi cancanta alhali lissafin ofis ya cika daidai.

Haɗari na biyu ya shafi amana. Labarin Ibnul Lutbiyya sananne ne: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu da ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi hani mai tsanani a kan haka. Muna riƙe da wannan hani ba sassauci, duk ma'aikacinmu ya san babu goro babu tukwici. To amma wanda ya hana ma'aikaci karɓar kyauta, wajibi ne ya wadata shi da halal. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da muke nema daga gare ku

Ga masu bayarwa, roƙonmu shi ne ku dubi layin albashi a matsayin wani ɓangare na isar da zakkarku. Wanda Allah ya hore wa, ya yi tunanin wakafi na musamman domin wannan aiki: shago, ko gidan haya, ko gona, wanda za a rubuta a takardar wakafinsa cewa amfaninsa na biyan masu ziyarar gidaje ne. Zakka takan zo ne lokaci-lokaci, mafi yawa a watan azumi da lokacin girbi, alhali albashi kowane wata ne. Wakafi mai kawo kuɗi a kai a kai shi ne zai cike wannan giɓi, ya kuma bar zakka ta tafi ga sauran masu hakki.

Ga kwamitocin masallatai, muna neman abu huɗu. Ku rubuta sunan duk wanda ke yi muku wannan hidima, da aikinsa, da abin da aka yi alkawarin ba shi, kowa ya sa hannu. Ku raba kuɗin mota da ladan aiki, ku riƙa duba na motar duk lokacin da farashi ya motsa. Ku ba matan da ke shiga gidaje hanyar da ra'ayinsu zai iso teburin shawara kafin a fitar da jerin sunaye. Sannan ku tambayi halin da su kansu suke ciki, domin ta yiwu wadda ke rubuta sunayen mabuƙata ita ma mabuƙaciya ce, kunya ce ta hana ta sa nata.

A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin ci gaba da nuna a fili abin da aka biya ma'aikata daga zakka da abin da aka biya daga wakafi da sadaka, kowanne a layinsa, domin kowa ya san inda dukiyarsa ta tafi. Ƙofar ofishinmu a buɗe take ga duk kwamitin da ke son duba littattafan.

Allah ya karɓa daga masu bayarwa, ya yi wa dukiyarsu albarka, ya saka wa masu kaiwa da mafificin alheri, ya kuma wadata waɗanda ake kai wa. Amin.